Korona a Ƙasashen Larabawa Masu Arzikin Mai: Tambayoyi da Amsoshi kan Gwaji da Alƙaluman Kamuwa

Ƙasashe shida ake nufi a nan: Saudiyya, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, Katar, Kuwait, Bahrain da Oman. Maƙwabtan juna ne a yankin Tekun Fasha, kuɗin mai da iskar gas ne ke riƙe da su, kuma a kowacce baƙi 'yan ci-rani ne ke yin galibin aikin ƙarfi. Duk da wannan kamanni, alƙaluman korona da suka fitar daga 2020 zuwa 2023 sun sha bamban ƙwarai, har mutum ya zaci ba cuta ɗaya ce ta same su ba. Babban dalilin shi ne kowace ƙasa da irin mudun da ta yi awo da shi.

Yaushe cutar ta shiga yankin, kuma ta ina?

Ƙofa biyu ta biyo. Ta farko Dubai da sauran biranen Daular Larabawa, inda a ranar 29 ga Janairu 2020 aka sanar da wani iyali da suka zo daga Wuhan ta ƙasar Sin ɗauke da cutar. Su ne na farko a duk Gabas ta Tsakiya.

Ƙofa ta biyu Iran ce. Kuwait da Bahrain da Oman duk sun sanar da masu cutar na farko a rana guda, 24 ga Fabrairu, kuma dukkansu matafiya ne da suka dawo daga Iran. Katar ta biyo baya ranar 29 ga Fabrairu. Saudiyya ce ta ƙarshe, ranar 2 ga Maris, wani ɗan ƙasar da ya dawo daga Iran ta hanyar Bahrain, abin da ya sa aka rufe yankin Ƙatif da ke gabashin ƙasar ranar 8 ga Maris. Tun kafin a sami mutum ɗaya mai cutar a Saudiyya ma, an dakatar da zuwa Umara daga waje ranar 27 ga Fabrairu. Wannan hanzarin yana da nasaba da darasin cutar MERS, 'yar'uwar korona da aka gano a Saudiyya a 2012, wadda ke kashe kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda aka tabbatar sun kamu.

Daga ƙarshe wace ƙasa ce ta fi yawan masu kamuwa?

In jimla za a bi, Daular Larabawa ce a gaba da mutum miliyan 1 da 'yan dubbai. Sai Saudiyya da kusan 840,000, Bahrain wajen 700,000, Kuwait kusan 667,000, Katar 514,000 da ɗoriya, Oman kuma dab da 400,000.

To amma jimla ba ta faɗin komai sai an raba ta da yawan jama'a. Bahrain tsibiri ce mai mutum kamar miliyan ɗaya da rabi, wato kusan rabin mazaunanta ke nan aka rubuta a matsayin masu kamuwa, ko da yake wasu sau biyu suka shiga lissafin. Katar tana wajen kashi 18 cikin ɗari, Kuwait 15, Daular Larabawa 11, Oman ba ta kai 10 ba. Saudiyya, wadda ta fi sauran biyar yawan jama'a ko an haɗa su wuri ɗaya, ba ta kai kashi 3 cikin ɗari ba.

Ko yawan jama'ar da ake rabawa da shi ma sai an yi hattara. Lokacin annobar ana lissafin Saudiyya da mutum kusan miliyan 35, sai ƙidayar 2022 ta fito da miliyan 32.2. Haka kuma dubban ɗaruruwan ma'aikata baƙi sun koma gida a 2020 da 2021, musamman zuwa Indiya, wadda ta fara jigilar 'yan ƙasarta a farkon Mayun 2020. Duk lissafin "cikin mutum miliyan ɗaya" na wannan yanki kimantawa ce.

Wato cutar ta kama mutanen Bahrain kusan sau ashirin fiye da na Saudiyya ke nan?

A'a. Gada ce mai tsawon kilomita 25 kawai ta raba Bahrain da gabashin Saudiyya, irin abinci ɗaya, irin gidaje ɗaya, irin zaman majalisa ɗaya. Babu wata hujjar kimiyya da za ta sa ƙwayar cuta ta yi wannan bambanci.

Abin da ake kira "adadin masu kamuwa" a haƙiƙa adadin waɗanda aka gwada aka gani ne. Kamar kamun kifi ne: mai taru mai ƙananan idanu a ƙaramin tafki zai fito da kusan duk abin da ke ciki, mai fatsa a babban kogi kuwa abin da ya ciji ƙugiya kaɗai zai gani. Bahrain ƙarama ce, mutanenta a cunkushe wuri ɗaya, tana bin duk wanda ya yi hulɗa da mai cutar ta gwada shi, tana kuma tura motocin gwaji kasuwanni da unguwanni. Saudiyya tana da faɗin fiye da murabba'in kilomita miliyan 2, da ƙauyukan duwatsu a Asir da Jazan, da kuma ɗimbin mazauna marasa iƙama waɗanda ba sa son haɗuwa da hukuma ko ta wace fuska. Sarki Salman ya ba da umarni a ƙarshen Maris 2020 cewa a yi wa kowa maganin korona kyauta, har da waɗanda takardunsu suka ƙare, amma wanda ya shekara goma yana ɓuya ba sanarwa ɗaya ce za ta fito da shi ba.

Wa ya fi yin gwaji?

Daular Larabawa, kuma da tazara mai nisa. Ta yi gwaji kusan miliyan 200, wato kamar sau 20 ga kowane mazaunin ƙasar. Bahrain ta haura miliyan 10, kimanin sau 7 ga kowane mutum. Kuwait wajen sau biyu. Saudiyya ta yi kusan miliyan 45, wanda bai kai sau ɗaya da rabi ga kowane mutum ba.

Kowacce ta zuba kuɗi tun da wuri. A Maris 2020 kamfanin G42 na Abu Dhabi da BGI na Sin suka kafa katafaren ɗakin gwaji a Masdar da ke Abu Dhabi cikin makonni biyu, aka kuma buɗe wuraren da mutum zai shiga da motarsa a ɗauki samfurinsa ba tare da ya sauko ba. A Afrilu Saudiyya ta ƙulla yarjejeniyar dala miliyan 265 da BGI don gwaji miliyan 9, ta buɗe cibiyoyin Ta'akkad na marasa alamun ciwo da asibitocin Tetamman na masu zazzaɓi da tari.

Sai dai miliyan 200 na Daular ba neman marasa lafiya ba ne. Mafi yawansa gwajin samun izinin shiga wuri ne. Daga tsakiyar 2020 har zuwa Satumbar 2021, mai tuƙi daga Dubai zuwa Abu Dhabi sai ya nuna sakamakon gwaji a shingen Gantut, ko da kullum yake bin hanyar zuwa aiki. Da aka kawo tsarin koren launi a manhajar Al Hosn, wanda ya yi riga-kafi ma sai ya riƙa sabunta gwaji kafin ya shiga kanti ko ofis: da farko duk kwana 30, daga baya aka mayar da shi 14. Kuɗin gwajin a Abu Dhabi ya sauko daga dirhami 370 a farkon annoba zuwa 40 a 2022. Mutum ɗaya lafiyayye zai iya shiga lissafi sau talatin ko arba'in.

To wane ma'auni ne ya fi adadin masu kamuwa inganci?

Kason gwajin da ya nuna cuta. A ɗauki waɗanda aka samu da cutar a mako, a raba da gwajin da aka yi a wannan makon, a ninka da ɗari. A Mayun 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a sassauta kulle sai kason ya zauna ƙasa da 5 cikin ɗari na tsawon kwana 14.

Ga misali na ƙirƙira don a ga yadda yake aiki. Wata ƙasa ta gwada mutum 10,000 ta sami 1,500, wata ta gwada 200,000 ta sami 2,000. A kanun labarai ta biyun ce ta fi shiga uku. Amma kason ta farko 15 ne cikin ɗari, na ta biyu 1. Ta farkon marasa lafiya kawai take gwadawa, kuma akwai ɗimbin masu cutar da ba ta gani ba.

Shi ma wannan ma'auni yana da inda yake gazawa, kuma a yankin nan aka fi ganin gazawar. Jimlar kason Daular Larabawa kusan rabin kashi ɗaya ne cikin ɗari, na Bahrain ya haura 6. Wannan ba ya nufin Bahrain ta yi sakaci. Daular ta tsarma lissafinta da miliyoyin gwajin lafiyayyu, Bahrain kuma tana kai gwajinta inda take zaton cutar take. Saboda haka kason ya fi amfani wajen kwatanta ƙasa da kanta, wannan watan da wancan, muddin dokar gwaji ba ta canja ba a tsakani. Kwatanta shi tsakanin ƙasashe biyu sai an san wa ake gwadawa a kowacce.

Akwai kuma tarkon kalma. Wata ma'aikatar lafiya "gwaje-gwajen da aka yi" take ƙirgawa, wata "mutanen da aka gwada". Katar ta daɗe tana fitar da adadin mutane, shi ya sa a teburin kwatance take fitowa kamar mai ƙarancin gwaji. Oman kuwa ta yi dogon lokaci ba ta fitar da adadin gwajin kullum, don haka ba a iya lissafa mata kaso a wannan tsakanin.

Yaya ake yin gwajin PCR, kuma a ina yake ɓaci?

Ana zura siririn tsinke mai auduga ta hanci, a miƙe zuwa baya ba sama ba, har ya taɓa bangon da ke bayan hanci, a juya shi na 'yan daƙiƙoƙi, a karya shi cikin kwalba mai ruwan adana samfuri. Samfurin yana zama a sanyin digiri 2 zuwa 8 har awa 72. In zai wuce haka sai a daskarar da shi a digiri 70 ƙasa da sifili. A ɗakin gwaji ana ciro sinadarin gadon ƙwayar cutar, wato RNA, a mayar da shi DNA, sannan na'ura ta riƙa ninka shi zagaye bayan zagaye, yawanci 40 zuwa 45. Zagayen da haske ya fara bayyana shi ake kira Ct.

Wannan lamba ta Ct tana da muhimmanci. Kowane zagaye ninki biyu ne, don haka samfurin da ya haska a zagaye na 20 ya fi wanda ya haska a na 30 yawan ƙwayar cuta kusan sau dubu. Mai Ct 18 yana feso cuta da kowane tari. Mai Ct 36 sau da yawa ya riga ya warke, ɓurɓushin matacciyar ƙwaya ce ta rage a hancinsa, kuma tana iya kai makonni. Ƙasar da ke gwada lafiyayyu da yawa tana tara irin waɗannan a lissafinta. Inda aka ja layi tsakanin "akwai" da "babu" ya danganta da kayan gwajin da dokar ƙasa, don haka mutum ɗaya zai iya zama mai cuta a wannan ɗakin gwaji, lafiyayye a wancan.

Wuraren ɓaci sanannu ne. Na farko tsinken da bai shiga ciki sosai ba, ko don mai ɗaukar samfurin yana sauri ko don mutumin ya janye kai. Na biyu lokaci: gwaji a kwana ɗaya ko biyu bayan haɗuwa da mai cutar galibi ba ya nuna komai, sai wajen kwana na biyar. Na uku zafi, wanda a yankin nan ba wasa ba ne. A Kuwait zafin bazara yana haura digiri 50, kuma akwatin samfurin da ƙanƙararsa ta narke a bayan mota ya lalace. Na huɗu gurɓata a ɗakin gwaji, inda ɗigon samfuri mai ƙarfi ya fantsama cikin ramin maƙwabcinsa a faranti mai ramuka 96. Na biyar, wanda ya fi kowanne saurin faruwa in layi ya yi tsawo, manna sunan wani a kwalbar wani.

Gwajin gaggawa fa, wanda ke fitowa cikin minti goma sha biyar?

Shi furotin ɗin jikin ƙwayar yake nema, ba ya ninka komai, don haka sai ƙwayar tana da yawa yake ganinta. Yana kama mai yaɗa cuta da kyau, yana kuskuren wanda ke farkon kamuwa. Mafi ƙarancin ingancin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi shi ne ya kama 80 cikin ɗari na masu cutar, ya kuma wanke 97 cikin ɗari na marasa ita.

A gwada wannan a lissafi. A ce an tara mutum 100,000 marasa alamun ciwo, 500 daga ciki na ɗauke da cutar. Gwajin zai kama 400, ya saki 100. Daga sauran 99,500 kuma zai ɗora wa kusan 2,985 cutar da ba su da ita. Wato cikin duk mutum takwas da ya nuna, ɗaya ne mai ita da gaske. Kayan gwaji masu kyau sun fi wannan nesa, amma darasin yana nan: in cutar ta yi ƙaranci a cikin jama'a, sakamakon gaggawa yana buƙatar tabbatarwa da PCR. Ana ajiye kayan tsakanin digiri 2 zuwa 30, kuma layin da ya bayyana bayan lokacin da aka rubuta a kwalin ba a aiki da shi.

Da guguwar nau'in korona na Omicron ta zo a farkon 2022, mutane da yawa a gida suka riƙa gwada kansu da kayan kantin magani. Wanda ya ga layi biyu ya kwanta a ɗakinsa bai shiga lissafin kowa ba. Daga nan alƙaluman kamuwa a ko'ina suka fara rasa ma'ana.

Me ya sa mace-mace suka yi kaɗan idan aka kwatanta da Turai?

Shekaru. A Katar da Daular Larabawa waɗanda suka haura shekara 65 ba su wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ba, a Italiya kuwa sun haura 22. Kusan tara cikin goma na mazauna waɗannan ƙasashe biyu baƙi ne, galibi maza 'yan shekara 20 zuwa 45 da aka yi wa gwajin lafiya kafin a ba su biza, waɗanda kuma in sun tsufa ko ciwo ya kama su gida suke komawa. Haɗarin mutuwa daga korona yana ninkuwa ne da shekaru, har ɗan tamanin ya fi ɗan talatin haɗari sau ɗaruruwa. Gadajen asibiti da iskar oksijin sun taimaka, amma tsarin shekarun jama'a ne ya yi babban aikin. Abin da ya ja baya shi ne ciwon suga da ƙiba, waɗanda suka yi yawa a tsakanin 'yan ƙasa a Kuwait da Saudiyya da Katar.

Adadin da aka sanar: Saudiyya kusan 9,600, Oman 4,600 da ɗoriya, Kuwait wajen 2,570, Daular Larabawa kusan 2,350, Bahrain 1,500 da ɗoriya, Katar kusan 690.

Nan ne lissafi yake juyewa. In aka raba matattu da masu kamuwa, Saudiyya da Oman sun haura kashi 1 cikin ɗari, Bahrain tana wajen 0.2, sai a ce Bahrain ta fi Saudiyya iya jinya sau biyar. In kuma aka raba matattu da yawan jama'a, Bahrain da Oman ne a sama da kusan mutum dubu cikin miliyan, Kuwait wajen 600, Saudiyya kusan 300, Katar da Daular ƙasa da haka kaɗan. Lissafin farko yana hukunta wanda bai yi gwaji da yawa ba, domin masu ƙaramin ciwo ba su shiga ba. Na biyun ya fi tsayuwa, amma shi ma ya dogara da wa aka rubuta a matsayin wanda korona ta kashe. Ma'aikacin da aka tsinci gawarsa a ɗaki aka rubuta "tsayawar zuciya" ba tare da gwaji ba, ko wanda ya koma Kerala ta Indiya ko Daka ta Bangladesh ya rasu can, babu shi a ciki.

Wane matsayi 'yan ci-rani suke da shi a alƙaluman?

Su ne guguwar farko. A duba wuraren da aka killace a Maris da Afrilun 2020: unguwar masana'antu ta Doha, Jleeb al-Shuyoukh da Mahboula a Kuwait, Al Ras da Naif a tsohon Dubai, Matrah a Oman. Duk mazaunin ma'aikata ne. Dokar Katar ta ce kada a wuce mutum huɗu a ɗaki, amma ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam sun sha ba da rahoton ɗakuna masu gadaje hawa-hawa da mutum takwas zuwa goma sha biyu, bayan gida ɗaya, kicin ɗaya, bas ɗaya zuwa wurin aiki. A irin wannan wuri umarnin ba da tazara magana ce kawai.

Katar ce ta fi bayar da hujja a kan girman abin da gwaji bai gani ba. Masu bincike a can, ciki har da na kwalejin likitanci ta Weill Cornell da ke Doha, sun auna jinin ma'aikatan ƙarfi a rabin 2020 na biyu, suka tarar fiye da rabinsu suna da garkuwar da ke nuna sun taɓa kamuwa. Kusan ɗaya cikin goma ne kawai daga cikinsu aka taɓa tabbatar masa da cutar ta PCR. Wannan a ƙasar da a lokacin take sahun gaba a duniya wajen yawan masu kamuwa idan aka raba da jama'a. In Katar ta rasa tara cikin goma, mai hankali zai iya kimanta abin da sauran suka rasa.

Guguwar cutar ta zo musu lokaci ɗaya?

Ta farko da ta ƙarshe kusan tare, ta tsakiya kowa da ranarsa. Katar ta kai ƙololuwa a ƙarshen Mayun 2020 da mutum 2,300 da ɗoriya a rana. Saudiyya ta sa dokar hana fita ta awa 24 a ranakun ƙaramar Sallah, ta sassauta bayanta, sai ga ta da kusan 5,000 a rana a tsakiyar Yuni.

A 2021 aka rabu. Dubai ta buɗe wa masu yawon buɗe ido tun 7 ga Yulin 2020, ta cika da baƙi daga Turai a ƙarshen shekara, a Janairu da Fabrairu Daular ta doshi 4,000 a rana. Katar ta sha guguwar nau'in Alfa da Beta a Maris da Afrilu. Bahrain ta haura 3,000 a rana a ƙarshen Mayu. Oman da Kuwait sun ga mafi munin kwanakinsu a Yuni da Yuli da nau'in Delta, kuma a wannan bazarar Oman ta yi asarar babban kaso na matattunta. Saudiyya, wadda ta hana 'yan ƙasarta fita waje har tsakiyar Mayun 2021, ba ta sake komawa ƙololuwar 2020 ba sai da Omicron ta zo a Janairun 2022, ta ɗaga kowa a cikin makonni kaɗan, da mace-mace kaɗan.

Me ya sa adadin kullum yake hawa da sauka kamar haƙoran zarto?

Ranakun hutu. Juma'a da Asabar ne ƙarshen mako a yankin, sai Daular Larabawa da ta koma Asabar da Lahadi daga Janairun 2022. Gwaji yana raguwa a ranar hutu, sakamako ya taru ya fito farkon mako. Oman ta riƙa haɗa na kwana uku ta fitar ranar Lahadi, wanda bai sani ba sai ya ɗauka cutar ta ninka sau uku a dare ɗaya. Maganin wannan shi ne a haɗa na kwana bakwai a raba da bakwai. A kuma tuna jerin lokaci: kwanciya asibiti tana biyo bayan kamuwa da kamar mako guda, mutuwa da makonni biyu zuwa huɗu. Cikin duk alƙaluman, adadin masu kwance a sashen kulawa ta musamman ne ya fi wuyar canjawa da dokar gwaji, domin wanda numfashinsa ya sarƙe zai zo asibiti ko ana gwaji ko ba a yi. Bahrain da Kuwait da Katar da Oman da Saudiyya sun riƙa fitar da shi. A sanarwar kullum ta Daular Larabawa ba a saba ganinsa ba.

Bahrain ta yi riga-kafi da wuri, me ya sa ta sha guguwar 2021?

Abubuwa uku suka haɗu: nau'in Delta, cuɗanyar Azumi da Sallah, da kuma raunin garkuwa a tsakanin tsofaffi da masu ciwon suga waɗanda da yawansu allurar Sinopharm ta ƙasar Sin aka yi wa. Bahrain da Daular Larabawa sun karɓi gwajin matakin ƙarshe na wannan allura a 2020, suka fara amfani da ita kafin kowa a wajen Sin. A tsakiyar 2021 duka biyun suka fara ba da allura ta uku, har da damar a canja zuwa Pfizer. Kada kuma a ɗora wa Sinopharm laifin duka: binciken Katar, inda Pfizer da Moderna aka yi amfani da su, ya nuna kariya daga kamuwa tana faɗuwa ƙwarai bayan wata biyar zuwa shida, kariya daga ciwo mai tsanani kuma tana daɗewa.

Yaya wannan ya shafi maniyyata da matafiya daga Najeriya?

Hajjin 2020 mazauna Saudiyya kaɗan ƙwarai ne suka yi shi, bayan gwaji da killacewa, da tsakuwar jifa a cikin jaka da ruwan Zamzam a gora. A 2021 an ba mutum 60,000 dama, su ma mazauna ƙasar masu riga-kafi. Sai 2022 aka buɗe wa na waje, aka ƙayyade jimlar mahajjata na gida da na waje a mutum miliyan ɗaya, masu ƙasa da shekara 65, da riga-kafi, na waje kuma da sakamakon PCR na cikin awa 72. Najeriya ta sami kujeru 43,008 maimakon 95,000 da ta saba. A 2023 aka cire ƙayyade adadi da na shekaru.

Wannan awa 72 ta hana mutane da yawa hawa jirgi a tafiye-tafiyen wancan lokaci. Galibi daga lokacin ɗaukar samfuri ake ƙirgawa, ba daga fitowar sakamako ba, don haka jinkirin jirgi na kwana ɗaya yana iya kashe takardar. Suna ko lambar fasfo da ta saɓa da harafi ɗaya ma haka.

Tsakanin Najeriya da Daular Larabawa kuwa gwaji ya zama rigimar diflomasiyya. A Fabrairun 2021 aka buƙaci fasinjojin kamfanin jiragen sama na Emirates daga Legas da Abuja su ƙara gwajin gaggawa awanni kaɗan kafin tashi, a kan PCR da suka riga suka yi. Hukumomin Najeriya suka ƙi, aka dakatar da jigila, ba a daidaita ba sai ƙarshen shekarar. A Disamba kuma Saudiyya ta dakatar da jiragen Najeriya saboda Omicron.

Za a iya ɗora alƙaluman Najeriya kusa da nasu?

Za a iya rubuta su a layi ɗaya, amma ba abu ɗaya suke aunawa ba. Najeriya ta sanar da masu kamuwa kusan 267,000 da matattu 3,155, daga gwaji wajen miliyan 6 a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200. Abin da ta gwada a shekara uku, Daular Larabawa tana yinsa a makonni kaɗan. A Afrilun 2020, lokacin da masu haƙar kabari a Kano ke cewa gawarwaki sun yi yawa, ɗakin gwajin birnin ya tsaya na wasu kwanaki. A watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce binciken da aka yi ta hanyar tambayar iyalai ya nuna cikin mutum 979 da suka rasu, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya zama korona ce ko tana da hannu a ciki. Galibinsu an binne su ba a ɗauki samfurinsu ba, don haka ba su shiga alƙaluman da aka riƙa sanarwa kowane dare ba.